Idan Motsi Ya Ragu, Kada a Kwana a Gida

Wannan rubutaccen jawabin da aka gabatar ne a zaman reshen mata na yankin Watari. An turo shi nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta karanta ta daure ta karanta wa maƙwabciyarta da surukarta.

Hajiya Shugaba, shugabannin mata na mazaɓu, iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da warhaka. Mutanen Kiyawa, da Romo, da Gadanya, da Rimin Dako, da waɗanda sai da suka tsallako ruwa, sannunku da hanya.

Yau an ba ni magana a kan abin da ba mu cika faɗa a taro ba, alhali da wuya a samu gidan da bai taɓa shiga ba. Za ki ji an ce wance ta sauka, kafin ki ce barka sai a rage murya a ce, ai bai zo da rai ba. Shi ke nan. A naɗe shi, maza su kai shi, wani lokacin ma uwar ba ta gan shi ba. Ba suna, ba zaman makoki. A ce mata Allah ya sa mai ceto ne, ta yi wanka, bayan arba'in ta koma kan turmi kamar ba wata tara ta yi tana ɗauke da mutum ba.

Bari mu fara rarrabewa. Cikin da ya zube tun yana ƙarami shi muke kira ɓari. Wanda nake magana a kai shi ne ɗan da ya kai sati 28 a ciki, wato wajen wata bakwai, ko ya wuce haka, sannan ya rasu, ko dai tun kafin naƙuda ko a tsakiyarta. Da wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙirgawa. A watan Oktoba na 2020 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto cewa a shekarar 2019 kaɗai an haifi jarirai kusan miliyan 2 ba rai a duniya, kwatankwacin ɗaya a duk daƙiƙa 16. Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da sama da 170,000. A ƙasar nan a 2019, cikin kowace haihuwa 1,000, wajen 22 ba su zo da rai ba. Burin da ƙasashe suka amince da shi a 2014 shi ne a sauko zuwa 12 ko ƙasa da haka kafin 2030.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a rahoton nan shi ne wannan: sama da 40 cikin 100 na jariran nan da ransu lokacin da naƙuda ta fara. Ku sake ji. Yaro ya yi wata tara lafiya, yana harbin uwarsa har daren jiya, a 'yan awannin ƙarshe aka rasa shi.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma idan yaronki na goye ya kama amai da gudawa ba kya naɗe hannu ki ce kwana, da gudu kike nemo ruwan gishiri da suga. Wanda yake ciki ma ɗanki ne. Bambancin kawai ba kya ganinsa, don haka sai an koyi yadda ake jin kukansa.

Ɗa a ciki ba ya ci da baki, ba ya numfashi da hanci. Abincinsa da iskarsa duk ta mabiyiya suke zuwa, su biyo igiyar cibiya. Idan kuka riƙe wannan za ku gane kusan duk abin da zan faɗa, domin yawancin abubuwan da ke kashe ɗa a ciki mabiyiya suke taɓawa.

Na farkonsu, wanda kuma zan daɗe a kansa, hawan jini ne. Akwai matar da dama tana da shi. Akwai kuma wadda cikin ne yake kawo mata, yawanci bayan wata biyar, kuma ya fi kama 'yar fari, da mai tagwaye, da wadda shekaru suka fara ja. Idan jini ya hau, jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya sai su tsuke, ɗa ya riƙa samun abinci ɗan kaɗan, ya tsumbure a ciki. Wani lokacin kuma mabiyiyar ce za ta ɓalle daga jikin mahaifa tun ɗa bai fito ba, sai iskarsa ta yanke gaba ɗaya. Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mace tana iya yawo da shi tana surfenta ba ta jin komai. Na'urar awon jini kaɗai ke tona shi, kuma idan ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka, mai ciki ta shiga layin waɗanda za a sa wa ido. Idan ya yi nisa ne ake ganin alamu: ciwon kai mai tsanani wanda fanadol ba ya sauke shi, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fuska da hannu su kumbura har zobe ya ƙi fita. Mu kuwa sai mu ce, kai, cikin nan ya karɓe ki, ko kuma a ce 'yan biyu ne. Iyayena, kumburin ƙafa da yamma abu ne da aka saba gani. Kumburin fuska da safe ba ƙiba ba ce.

Ƙarshensa shi ne jijjiga. Kuma a nan ne ake ɓata lokaci mafi tsada, domin da ta fara sai a ce iska ce ta buge ta, a kawo hayaƙi, a kira mai ruƙiyya, a danna mata cokali a baki. Ku yi addu'arku a cikin mota. A kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata komai, a nufi asibiti. Akwai allura ta musamman, magniziyam salfet, kuma a jihar nan tamu aka ga aikinta ƙuru-ƙuru. A 2008 an shigar da ita asibitoci 10 na jihar Kano, aka horar da ma'aikata. Kafin nan, cikin mata 100 da jijjiga ta kama, wajen 21 ke rasuwa. Bayan an fara amfani da ita adadin ya sauko ƙasa da 3. Allura ce mai araha. Amma ba ta biyo mutum gida.

Na biyu ya shafe mu nan Watari fiye da wasu. Dam ɗin nan alheri ne, tun wajen 1980 yake ciyar da mu, shinkafa da tumatir da albasa rani da damina. To amma inda ruwa yake kwance shekara zagaye, sauro ma ba ya tafiya hutu. Wasu garuruwan suna samun sauƙi idan damina ta wuce, mu kuwa kanal da fadamun shinkafa suna nan. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana son mabiyiya, can take zuwa ta taru ta toshe hanyar abincin ɗa. Abin da ya sa take yaudara shi ne, babbar mace da ta girma a nan jikinta ya saba, tana iya ɗauke da ƙwayar ba zazzaɓi ba ciwon kai, jininta yana ƙonewa a hankali, ɗa yana ramewa. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari.

Maganinsa ba boyayye ba ne. Ƙwayoyin nan uku na Fansidar da ake ba ku a wajen awo a ce ku haɗiye a gaban malama, aikinsu ke nan. Ana farawa bayan ciki ya wuce wata uku, a riƙa sha wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a sha a watanni ukun farko, kuma ba a saya a kemis a yi ta sha yadda aka ga dama. Sai gidan sauro. Na san inda wasu gidajen sauron suke: an kewaye yaɗin tumatir da su, wasu an rufe kaji. Tumatir ɗin dai ba zai ce miki Umma ba. Mai ciki ta kwana a cikin gidan sauro kullum, har da bazara da ake shimfiɗa a tsakar gida. Idan kuma zazzaɓi ya zo, a je a yi gwaji a ba ta maganin da ya dace da watannin cikinta.

Ƙarancin jini yana tafiya tare da wannan, shi ya sa ake ba da jan maganin nan na ƙarin jini. Wasu suna zubarwa wai yana sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba ya sawa. Abin da ke sa ɗa ya yi girman da ya wuce kima shi ne ciwon suga, kuma shi ma yana kashe ɗa a makonnin ƙarshe. Wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri, ko akwai suga a gidansu, ta ce a gwada ta. Mai sikila kuwa ba sai na faɗa ba, cikinta na babban asibiti ne tun daga farko.

Akwai wanda ake jin nauyin faɗa, amma mu kaɗai ne a nan. Tunjere. Cuta ce da ake ɗauka wajen kwanciyar aure, kuma tana iya zama a jikin mace shekaru ba ƙurji ba ƙaiƙayi. Tana ratsa mabiyiya ta kashe ɗa, ciki bayan ciki. Da ɗigon jini ake gano ta, allurar fenisilin kuma tana tsare ɗan idan an yi da wuri. Sai dai fa idan aka yi wa mace aka bar maigida, an yi aikin baban giwa. A gidan da ake da mata biyu ko uku, kowa sai an duba. Wannan ba maganar tonon asiri ko neman mai laifi ba ce, kuma malaman asibiti sun san yadda ake kiran namiji a gaya masa cikin mutunci.

Yanzu bari in taɓo matar da muke kira mai wabi. Ta haifi na fari lafiya, na biyu ya zo ba rai ko ya zo ya yi shawara ya koma, na uku haka, na huɗu haka. Sai a fara kallon kishiya, ko a ce maita, ko a ce aljani ya aure ta. An kashe aure da yawa a kan wannan. Sau da yawa kuwa dalilin yana cikin abubuwan da na ambata, hawan jini ko suga ko tunjere. Akwai kuma wani: rukunin jini. Wasu mata kaɗan jininsu nagetif ne. Idan mijin fozitif ne, ɗan ya ɗauko na uba, to a haihuwar farko jinin ɗa yana ɗan haɗuwa da na uwa, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa makami. Na farin ya riga ya tsira. Na bayansa ne makamin yake samu. Akwai allurar da ake kira anti-di, ana yin ta a wajen wata bakwai, a kuma sake cikin awa 72 bayan haihuwa, har ma bayan ɓari. Tana da tsada, gaskiya, shi ya sa ake so a san rukunin jinin tun awon farko a fara tara kuɗinta. Idan jiki ya riga ya haɗa makamin allurar ba ta warware shi, sai dai kulawar ƙwararru irin ta asibitin Malam Aminu Kano. Don haka 'yar fari ce ta fi buƙatar wannan gwajin, ita da muke cewa ai yarinya ce, lafiyarta ƙalau.

Kun ga duk abin da na lissafa, awo ne yake kama shi. Amma wane irin awo? Yawancinmu sai ciki ya yi wata shida ko bakwai ake zuwa a yanki kati, don kada ranar haihuwa malamai su yi faɗa. Katin ya zama tikitin shiga ke nan. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin wata ukun farko. Na san abin da ke hanawa. Amarya tana jin kunyar a san tana da ciki, uwar miji tana cewa kada a fallasa shi saboda baki. To malamar awo ba mai shela ba ce. A saka hijabi a je. Kuma idan kin je, ki san abin da kika je karɓa: a auna jininki da na'ura, a gwada fitsari, a ɗebi jini a duba yawansa da rukuninsa da cututtuka, a auna tsayin ciki, a saurari bugun zuciyar ɗa, a yi hoton ciki ko sau ɗaya ne kafin wata shida. Idan an shafa ciki kawai an miƙo miki magani, ki buɗe baki cikin ladabi ki ce, Malama, nawa jinina ya nuna yau?

Tsakanin awo da awo kuwa, ke ce likitar ɗanki, kuma na'urarki ita ce motsi. Yawancin mata suna fara jin motsi tsakanin wata huɗu da shida. Kafin wata bakwai kin riga kin san halinsa. Wani da asuba yake tashi, wani sai kin ci tuwo kin kwanta. Babu adadin da aka yanka wa kowa, naki ɗan kike kwatantawa da kansa. Ɗan da iska ta fara yi masa kaɗan yana rage motsi ne don ya adana ƙarfinsa, kamar yadda mara lafiya yake kwanciya shiru. Wannan shirun shi ne kukansa. Sau da yawa akwai awanni, wani lokacin kwana ɗaya ko biyu, tsakanin raguwar motsi da tsayawar zuciya, kuma a wannan tsakanin ana iya ciro shi da rai.

Akwai maganar da tsofaffi suke yi, wai idan haihuwa ta matso ɗa yana daina motsi saboda wuri ya yi masa kaɗan, ko yana tara ƙarfi. Iyayena, ku yi haƙuri, wannan maganar ta ci 'ya'ya da yawa. Salon motsin yana iya canjawa, harbi ya koma juyi da miƙa, amma lafiyayyen ɗa yana motsi har cikin naƙuda. Idan kin ji ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, kada ki ce bari in ga gobe, kada ki jira ranar awo, kada ki tsaya shan ruwan sanyi kina jira ya farka. Ranar za ki je, ko da dare ne. Idan aka saurara aka ce lafiya lau, kuɗin mota kawai kika yi asara. Kuma idan ya sake yi jibi, ki sake komawa, ko da malama za ta ce ke ce dai kullum.

Haka jini. Duk jinin da ya ɓallo wa mai tsohon ciki, kaɗan ko mai yawa, da ciwo ko ba ciwo, na asibiti ne, kuma kada ungozoma ta sa hannu ta duba. Idan ciki ya ƙanƙare ya yi tauri kamar katako ga azabar ciwo, ko ba a ga jini a waje ba yana iya zuba a ciki. Idan faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ruwan ya fito kore-kore ko yana wari, a tafi. Idan kuwa aka ga igiyar cibiya ta riga ɗa fitowa, wannan minti ake ƙirgawa: ta durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, don kan ɗa ya ɗaga daga kan igiyar, a haka za a kai ta.

Cikin da ya wuce lokacinsa ma abin dubawa ne. Mabiyiya tana tsufa. Idan an haura sati 41 likita yakan ba da shawarar a tayar da naƙuda, kuma wannan ba gaggawa ba ce. Sai abin da muke kira kwantaccen ciki, mace ta ce cikinta ya kwanta, motsi ya ɗauke, ciki ya daina girma, tana jira ya tashi. A je a yi hoto a ga abin da ke ciki. Idan ɗan ya rasu, barinsa makonni yana iya jawo wa uwar ruɓewa ko tsinkewar jinin da zai ƙi tsayawa ranar da za ta haife shi.

To mu dawo kan waɗancan 40 cikin 100 da naƙuda ke ci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 100 wajen 16 kacal ake yi a asibiti. Sauran a ɗaki. Na san muna alfahari da wannan, wance jaruma ce, ita kaɗai ta haihu sai kukan jariri aka ji. Ni ma ina girmama ungozomominmu, sun karɓi yawancin waɗanda ke zaune a nan. Amma akwai abin da ungozoma ba ta da shi a ɗaki. A ɗakin haihuwa ana sauraron zuciyar ɗa duk rabin awa, ana rubuta yadda mahaifa ke buɗewa, idan ya fara galabaita za a sani tun da sauran lokaci. A gida ba a sani sai ya fito. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a sauka ba, ko ɗa ya zo a gicciye, ko ta ƙafa, ko hannu ya fara fitowa, ba ta rubutu da jiƙo ba ce kuma. Irin wannan doguwar naƙudar ce take kashe ɗa ta bar uwa da yoyon fitsari. Ku je sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala ku tambaya, yawancinsu ɗan da ya jawo musu lalurar bai rayu ba.

Ina roƙonku da babbar murya a kan allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya zo gida ya yi. A asibiti a cikin ƙarin ruwa ake sa ta, ɗigo-ɗigo, ana ƙirgawa ana sauraron ɗa. Idan aka danna ta lokaci ɗaya, mahaifa tana matsewa ba sassautawa, ɗa ya rasa iska, wani lokacin mahaifar ta yage. Haka saiwoyin da ake cewa suna kawo naƙuda da wuri. Wadda kuma aka taɓa yi wa aiki, duk haihuwar da za ta sake yi ta asibitin da ake tiyata ce, ba ciniki.

Shi kansa aikin, mun mai da shi abin gori. Likita zai ce a sa hannu, sai a ce bari a kira Alhaji, Alhaji ya ce bari a gaya wa Hajiya, Hajiya ta ce a danginmu ba a yanka mu. Kafin a gama shawara ɗa ya tafi, kuma aikin dai sai an yi shi don a ceci uwar. Ta fuskar kuɗi, jihar Kano ta fara shirin haihuwa kyauta tun 2001, kuma a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Mun san abin da aka rubuta a takarda ba kullum yake isowa ƙauye yadda yake ba. Amma wadda ta san da shi ita ce take iya tambaya.

Sauran abubuwan zan bi ta kansu da sauri. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, da matar da ta haura 35, da wadda ta yi haihuwa biyar zuwa sama, da mai kwanika, duk haɗarinsu ya fi na saura. Shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki ita ce shawarar likitoci, daidai da lokacin yaye da muka gada. Daga wata bakwai a riƙa kwanciya ta gefe, a bar rigingine. A rage zama cikin hayaƙin ɗanyen itace a rufaffen madafi. Kuma idan kaka ta yi, ku surukai, a sassauta wa mai tsohon ciki sussuka da casa a tsakar rana.

Yanzu ga inda maganar ta zama tamu ta reshen mata. Idan kika bi labarin kowane ɗa da aka rasa, za ki tarar da jira. An jira maigida ya dawo daga gona ko daga Legas ya ba da izini. An jira a sayar da akuya. An jira gari ya waye a samu mota. Mutanen da ke hayin dam sun fi kowa sanin wannan, kuma tun hatsarin jirgin ruwan ƙarshen Nuwamba 2021 da ya ci ɗaliban Islamiyya na Badau, Allah ya jiƙansu, babu mai son shiga ruwa da dare. To mu da ranar zaɓe muke sanin kowace mace a kowane lungu, mu san wadda ba ta da kati, mu san direban da zai kwaso tsofaffi tun asuba, yaya za a ce ba mu san masu ciki nawa ne a mazaɓarmu ba? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Littafin da muke rubuta sunayen masu zaɓe, a buɗe masa shafi na biyu.

Tun ran gini ran zane. Izinin fita a karɓe shi tun ciki yana wata biyar, a gaban uwar miji, maigida ya faɗa da bakinsa cewa ko ba ya nan a kai ta. A cikin adashenmu a ware wani abu da ba a taɓawa sai na mota da jini, wadda ta ɗauka ta mayar bayan suna. A san direba biyu a kowane gari da za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare. A jihohin Arewa da dama an yi irin wannan tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma ya yi aiki. A san 'yan uwa biyu da za su ba da jini. A kuma san tun wuri inda za a nufa idan ƙaramin asibiti ya ce abin ya fi ƙarfinsa, Bichi ne ko Gwarzo ko cikin Kano. Wadda take hayi, ko aka ce cikinta mai haɗari ne, idan watanta ya kama ta ƙaura gidan dangi kusa da asibiti. Dama muna da al'adar goyon ciki, sai dai a duba wane gidan ne ya fi kusa da ɗakin haihuwa.

Idan kansila ko ɗan majalisa ya zo neman mu, atamfa da sabulu ba sa sauraron zuciyar jariri. Ku tambaye shi ko asibitin mazaɓarmu yana da ungozomar da take kwana, ko akwai wuta a ɗakin haihuwa, ko na'urar awon jini tana aiki, ko akwai Fansidar da magniziyam a kabad. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wani kaso na kuɗin tarayya domin ƙananan asibitoci, kuma kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitinta. Mata nawa ne a cikin namu? Sannan a riƙa sanar da asibiti idan an haifi ɗa ba rai a gida. Wanda aka binne ba a rubuta ba, a lissafin gwamnati bai taɓa faruwa ba, kuma ba a ware kuɗi don abin da bai faru ba.

Ita kuma wadda abin ya riga ya same ta, mai jego ce kamar kowace. Jini zai zuba, nono zai kawo ya cika ya yi ciwo ba mai sha, kuma wannan yana daga cikin abin da ya fi karya musu zuciya. A ɗaure ƙirjin da zane daidai, kada a tatse, akwai kuma maganin da asibiti ke bayarwa. Idan tana son ganin ɗanta a nuna mata. A bar ta ta yi kuka. A daina ce mata ai ba ki saba da shi ba, wata tara suna tare. Idan makonni suka wuce ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta son magana, a kai ta a duba ta. Kuma kafin ta bar asibiti, ita ko wadda ke jinyarta ta tambayi likita me yake ganin ya jawo, a auna jininta, a gwada suga da rukunin jini da tunjere, a rubuta a katinta. Ta adana katin nan kamar takardar gona, domin cikin da zai biyo baya yana buƙatar kulawa fiye da na baya, kuma da shi za ta je awo tun watan farko da ta ga batan wata.

Hajiya Shugaba ta amince cewa a zama mai zuwa kowace shugabar mazaɓa za ta zo da adadin masu cikin da ke yankinta, da nawa ne suka fara awo, da sunayen direbobi biyun da aka yi magana da su. Adadi kawai za a kawo nan, sunayen matan su tsaya a littafinki, kada a turo su cikin wannan zaure. Masu tambaya a kan rukunin jini, na ga hannuwa da yawa, ku same ni bayan an yi sallar la'asar. Wassalamu alaikum.